Ina son haɗa ƙaramin layin dogo na cikin gari a kan allo mai santimita 120 da 60, da me zan fara?

Ɗan_Tasha:
Assalamu alaikum. Wurin da nake da shi santimita 120 ne a tsawo, 60 a faɗi. Ina son jirgi ya ratsa tsakanin benaye da shaguna, da kwalta a gefe. Wane sikeli zan ɗauka, HO ko N? Kuma jirgin zai iya zagayawa a wannan fili?

Mai_Tarago:
Wa alaikumus salam. In dai zagaye kake so, ka manta da HO. HO kashi 1 ne cikin 87 na jirgin gaske, kuma kwanar da aka saba amfani da ita tana da nisan inci 18 daga tsakiya, wato zagayen zai ci kusan mita ɗaya a faɗi. Ɗauki N, kashi 1 cikin 160, tazarar ƙarafansa milimita 9.

A layin Unitrack na kamfanin Kato, wanda ke zuwa da gindinsa a haɗe, kwana R249, mai nisan milimita 249 daga tsakiya, tana ba da zagaye mai faɗin wajen santimita 52 har da gindin layin, ka ga saura santimita 4 a kowane gefe. R282 kuwa tana kai 59, jirgi na goce wa layi sai ƙasa. Da R249 ɗin, sa miƙaƙƙen layi S248, mai tsawon milimita 248, guda biyu a kowane ɓangare, tsawon duka ya zama kamar santimita 102. Amma a wannan kwana dogayen taragun fasinja ba sa kyau, gindinsu yana leƙowa waje. Gajerun taragun kaya da ƙaramin kan jirgi su suka dace.

Allo kuma filawud mai kaurin milimita 9, da firam na katako a ƙasa, da sanda a gicciye duk santimita 30 zuwa 40. Ka shafa fenti a fuska biyun da gefuna. In fuska ɗaya ka shafa, damina na sauka zai banƙare.

Injiniyan_Lungu:
Malam Mai_Tarago, lissafinka daidai ne, amma ni ba zan ba shi shawarar zagaye ba. Zagayen zai cinye filin, garin ya koma tsibiri a tsakiya, ga jirgi yana bin wutsiyarsa. Gara tsarin Inglenook na Alan Wright, inda kan jirgi ke kai da komowa yana jera taragu: layi ɗaya ya rabu uku da mararraba biyu, reshe ɗaya na ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3-3, layin shiga kuma ya ɗauki kan jirgi da tarago 3. Taragon kaya mai ƙafa 40 a N kusan santimita 8 ne, don haka duka tsarin yana shiga mita ɗaya da 'yan kai, faɗi santimita 15 ya ishe shi. Saura 45 duk na gari ne.

Abin da ke sa wuri ya yi kama da birni shi ne cunkoso da tsayi. Jikin bangon baya ka jera fuskokin gine-gine kawai, zurfin santimita 2 zuwa 3. Hawa ɗaya na bene mai mita 3 yana zama milimita 19, mutum kamar 11, hannu ɗaya na kwalta kamar 22. Masu farawa suna yawan faɗaɗa titi, sai motoci su ɓace a ciki. Kada titi ya doshi bangon baya kai tsaye, karkatar da shi ya shige bayan wani gini. Inda layi ya ƙare kuma ka rufe da gadar sama ko ƙofar sito.

In za ka nutsar da layi cikin kwalta, yanka kwali ko robar sitirin mai faɗin milimita 7 ka sa tsakanin ƙarafan, ya bar kusan milimita 1 kowane gefe don bakin ƙafar jirgi. Samansa ya ɗan yi ƙasa da kan ƙarfe. In ya ɗara ko da kaɗan ne, zai ɗaga ƙafar, wuta ta yanke. Kada ka gwada wannan a kan mararraba, wahalar ta fi amfanin.

Ɗan_Tasha:
Na gode ƙwarai. To wutar fa, DC ko DCC?

Mai_Tarago:
Kan jirgi ɗaya ne, DC mai bolt 12, wato sarrafa gudu ta ƙara ko rage wutar layi, ta wadatar. Kuɗin DCC, mai sarrafa kowane kan jirgi daban a layi ɗaya, ka sa a gine-gine. Sai dai kada ka dogara da mahaɗan layi su kai wuta ko'ina, suna sakewa. Ka ja waya daban zuwa kowane reshe. In kana son jirgi ya yi tafiyar a hankali ba tsayawa, nemi mararraba mai tsakiyar ƙarfe, wato inda ƙarafan layi ke gittawa, irin Electrofrog ta kamfanin Peco, domin gajeren kan jirgi yana maƙalewa a kan tsakiyar roba. Ita kuma tana buƙatar mahaɗan roba a bayan tsakiyar, in ba haka ba wuta ta haɗe.

In layin Peco ka ɗauka, tsakuwa da kanka za ka zuba. Farin gam na kafinta rabi, ruwa rabi, ɗigon sabulun wanke kwanuka, ka ɗiga da sirinji bayan ka jiƙa tsakuwar da feshi. Gam kada ya kusanci harshen mararraba, wato ƙarfen da ke motsi don sauya hanya. Ka bar 'yar tazara kamar rabin milimita a wasu mahaɗan, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi.

Ƙwan LED na cikin gida kowanne da rezista mai om 1,000, kuma ka shafe cikin ginin da baƙin fenti, in ba haka ba bangon gaba ɗaya zai yi ta haske.

Injiniyan_Lungu:
Ƙari ɗaya: ƙurar hunturu. N ba ya jure datti ko kaɗan. Yi masa murfi tun yanzu, ko na leda ne a kan firam. Goge ƙarfe da ƙyalle marar gashi da sifirit. Kada ka taɓa shi da samfefa, ƙarcen da za ta bari shi ne zai riƙa tara dattin. Kuma kafin ka liƙa gini ko ɗaya, ka gudanar da jirgi gaba da baya a kowane reshe na 'yan kwanaki, da taragon da ya fi tsawo, ka ga inda yake gogar gefe.