Musayar Waƙa: Baba Allauddin Khan, Makaɗin Maihar da Almajiransa

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. A wannan mako za mu yi musaya a kan Ustaz Allauddin Khan, gwanin kiɗan fadar Maihar, wata masarauta a tsakiyar Indiya, wanda almajiransa ke kira Baba, kuma amsa-amonmu shi ne "wa".

Da sunan Allah nake buɗe wannan waƙa,
Shi ne Mai raba wa bayinSa arziki da baiwa.

A Shibpur aka haife shi, wani ƙauye na Bengal,
Yankin da daga baya ya koma Bangladesh, bayan Indiya ta yi rabuwa.

Tun yana yaro ya bar gidan iyayensa,
Ya bi 'yan wasa masu yawo gari-gari suna rerawa.

A Kalkata ya durƙusa gaban Nulo Gopal,
Bai bar ƙofar malamin ba sai bayan rasuwa.

Daga baya ya isa Rampur wurin Wazir Khan,
Magajin kiɗan gidan Tansen, mawaƙin fadar Sarki Akbar, tun daga saiwa.

A 1918 Sarkin Maihar ya ɗauke shi makaɗin fada,
Nan ya kafa gida, nan ya duƙufa ga koyarwa.

Ɗan Zaure:
Malam, ka kawo asali, ni zan kawo kayan aiki,
Domin sarod ne abin da hannunsa ya fi sabawa.

An rufe cikinsa da fatar akuya, wuyansa ƙarfe ne sumul,
Babu alamar da ke nuna wa yatsa wurin tsayawa.

Da farce ake danne tsirkiya, da ɓawon kwakwa ake kaɗa ta,
Kunne kaɗai ke gane daidai, shi ke gyarawa.

A 1935 ya bi ƙungiyar rawa ta Uday Shankar zuwa Turai,
Ya baje fasaharsa a gaban Turawa.

Ƙanen Uday, wato Ravi, ya bar jin daɗin Paris a 1938,
Ya tare a Maihar, ya ɗauki sitar, abin kiɗa mai tsirkiya, da niyyar ƙwarewa.

Ƙaramin Ɗalibi:
Iyayena, ku gafarce ni, ina da ja a kan yabon nan,
Domin an san Baba da zafin rai da yawan tsawa.

Ɗansa Ali Akbar ya tashi a ƙarƙashin horo mai tsanani,
Daga asuba har dare yana kaɗi, ba a barinsa hutawa.

Idan fasaha sai da kuka da duka take samuwa,
Ni ban ga dalilin da za mu yi ta jinjinawa.

Mai Alƙalami:
Ɗana, zafin gaskiya ne, ba zan rufe shi da mayafi ba,
Kuma ba na kiran malaman yau su ɗauke shi abin kwaikwayawa.

Amma ka auna da marayun da annoba ta bari a Maihar,
Waɗanda ya tattara a gidansa yana ciyarwa.

Ya miƙa wa kowannensu abin kiɗa, ya koya musu sana'a,
Har suka zama ƙungiyar kiɗan Maihar da ba ta daina bugawa.

Ali Akbar kuwa ya buɗe makaranta a Kalkata a 1956,
Sannan wata a Kalifoniya a 1967, ɗalibai na ta kwararowa.

Inna Mai Tafasa:
Malamai, kun lissafa maza, kun tsallake 'yarsa,
Alhali ita ce ta riƙe amanar gidan ba gajiyawa.

Da fari ya ƙi koya mata, saboda abin da ya sami yayarta,
Wadda kiɗa ya jawo mata baƙin ciki a gidan aure, ba sassautawa.

Wata rana ya jiyo ƙaramar tana gyara wa wanta darasi,
Abin da ta tsinta da kunne kawai, ba tare da an zaunar da ita ba, tana maimaitawa.

Sai ya kira Annapurna, ya ɗora mata surbahar,
Babban abin kiɗa mai zurfin amo da wuyar sarrafawa.

Ta auri Ravi a 1941, daga baya ta janye daga dandali,
Ta zauna a ɗakinta a Bombay, almajirai na zuwa tana horarwa.

Hariprasad Chaurasia mai sarewa a hannunta ya goge,
Ga reshen Baba da kuka wuce ba ku yi dubawa.

Ƙaramin Ɗalibi:
Inna, na karɓi zancen marayu da na 'yarsa hannu biyu,
Amma a kan duka ina nan inda nake, ban yi sauyawa.

Ya rasu a Maihar a 1972, bayan Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Vibhushan a 1971,
Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa zafin da kyautatawa.