Na koma cin wake da zogale, amma cikina sai kumbura yake

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah mai sani ya taimaka min.

Ni tela ce a Tudun Wada, nan Kaduna, wuni nake a kan keke. Ƙiba ta taso min, ga taurin bayan gida, wani lokaci sai in yi kwana uku ban zaga ba. Da na je asibiti likita ta ce abincina ba harza (wato ɓangaren hatsi, wake da ganye da ciki ba ya narkarwa), kullum burodi da farar shinkafa da taliya. Ta ce babban mutum na buƙatar kamar giram 25 zuwa 30 a rana, don harza ce ke riƙe ruwa a hanji ta tausasa bayan gida, kuma tana sa a daɗe ba a ji yunwa ba.

To, ni da zafin nama, washegari na tafi Kasuwar Bacci na auno wake da gero. Safe ɗanwake, rana kwaɗon zogale, dare tuwon dawa miyar kuɓewa. Har surfen gero na hana, ana niƙa min shi da dusarsa.

Gaskiya yunwar ta ragu, na daina ciye-ciyen cincin a shago. Amma mako biyu ke nan cikina kamar ganga, ga iska, har kunya nake ji gaban masu kawo ɗinki. Bayan gidan ma bai saki sosai ba. Ruwa kam na san ba na sha, leda biyu ta fiya wata take kai ni dare.

Shin gaggawa na yi, ko ƙarancin ruwan ne? In rage waken ne, ko jiƙa shi ya kwana zai rage iskar? Kuma ta yaya mutum zai auna giram 25 ɗin nan a kwanon tuwo?