Fanka na juyawa, fitilu sun kama, amma sikirin baƙi ƙirin: kowa ya faɗi yadda tasa ta kasance

MaiHaɗaKes

Assalamu alaikum jama'a. Na lura ba a daɗewa sai wani ya shigo da kuka iri ɗaya, ya gama haɗa kwamfutar gem ko ya canza wani abu a ciki, ya danna maɓalli fanka na juyawa fitilu sun kama amma monita ta ce babu sigina. Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukunci, nan take mutum zai ce madabod, babban allon da komai ke zama a kai, ta mutu ko katin girafik ya ƙone ya tattara ya mayar, alhali yawanci kayan lafiyarsu ƙalau. Dan Allah duk wanda abin ya taɓa samu ya faɗi kayan da ke cikin injinsa, me ya gani da idonsa, kuma me ya gano daga baya. Banda na ji an ce.

Bari in fara da ta ƙanina. Ya haɗa da firosesa i5-12400F da katin girafik RTX 3060, komai ya zauna daidai, ya kira ni hankalinsa a tashe. Ina zuwa na leƙa bayan kes na ga wayar HDMI a jikin madabod take, can sama kusa da ramukan USB. To duk firosesan Intel mai F a ƙarshen suna babu girafik a cikinsa, ramin HDMI na madabod ba abin da zai fito ta nan. Na zare na mayar ƙasa a jikin katin, hoto ya fito. Haka Ryzen 5 5600X ma ba shi da shi, a wancan jerin sai masu G irin su 5600G.

Dan_DDR5

Wa'alaikumus salam malam, Allah ya saka da wannan. Ni tawa haƙuri kawai take buƙata wlh. Ryzen 5 7600 ne da madabod B650 da ram DDR5 guda biyu masu 32GB kowanne, na kunna fitilar DRAM, 'yar fitilar kan madabod mai nuna ram, ta kama ta tsaya cak, sikirin baƙi, ni kuma da na saba da DDR4 inda kafin ka zauna hoto ya fito sai in ta kashewa ina kunnawa, ashe duk kashewar nan aikin ne yake komawa farko. A kunnawar farko madabod tana gwada ram ɗin ne tana neman saitin da za su yi magana da firosesa ba tare da kuskure ba, kuma a AM5, wato soket ɗin da firosesan nan ke zama, wannan gwajin yana iya ɗaukar mintuna, in ram ɗin na da yawa ya fi daɗewa. Na gani a rubuce a cikin littafin madabod ɗin ma. Na kunna na bar ta na fita, ina dawowa na tarar da bayos, wato shafin saitin madabod, a buɗe tana jirana.

Daga baya da na kunna EXPO, saitin da ke ƙara wa ram gudu, ta sake yin irin wannan jiran, wannan karon ban taɓa ta ba. Akwai wani saiti a bayos Memory Context Restore, shi ke sa ta riƙe sakamakon gwajin kada ta maimaita kullum.

Hajjo_Gem

Dan_DDR5 gaskiyarka amma kar mutane su ɗauka duk fitilar DRAM jira ce. Tawa DDR4 ce kuma ko kwana zan yi ina jira ba za ta tashi ba, saboda ram ɗaya bai shige ba. Madabod ɗina irin masu makulli gefe ɗaya ne, na sama kaɗai ke buɗewa na ƙasa a kafe yake, to gefen sama ya yi ƙas na ji da kunnena, na ƙasa kuma ya ɗan ɗago kaɗan wanda in ba ka haska da tocila ba ba za ka gani ba. Ram yana son ƙarfin hannu fiye da yadda sabon shiga ke zato, ka danna gefe biyun har sai kowanne ya zauna.

Sannan in ramuka huɗu ne ram biyu, yawancin madabod A2 da B2 suke so, wato na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen firosesa. Ku dinga duba fitilun nan huɗu dan Allah, CPU, DRAM, VGA, BOOT, a jere suke kamawa suna mutuwa, wadda ta tsaya a kunne nan matsalar take. In BOOT ce kaɗai ma ai ka haye, ba ta ga inda Windows yake ba ne kawai.

TsohonInjin

Sannunku da ƙoƙari yara na. Ni tawa doguwa ce ku yi haƙuri.

Ina da madabod B450 da na daɗe da ita da Ryzen 5 2600 a kai, na ce bari in ɗaga injin ba sai na canza komai da komai ba tunda soket ɗin AM4 ne duka, na samo 5600X na ɗora. Fitilar CPU ta kama ta ƙi sauka. Na cire na duba fil ɗin firosesa ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya lanƙwashe, na mayar, shiru. Sai na zauna na yi lissafi, B450 ta fito 2018, Ryzen 5000 kuma sai ƙarshen 2020, ta yaya bayos ɗin da ke ciki zai san firosesan da ba a yi shi ba lokacin da aka rubuta shi? Shigar firosesa cikin soket daban, bayos ya gane shi daban.

Na mayar da tsohon 2600 na shiga bayos na sabunta shi, sannan na sake ɗora sabon, ta tashi lafiya lau har yau a kanta nake. Shi ya sa nake cewa kar ka rabu da tsohon firosesa sai ka ga sabon ya nuna hoto. Wanda kuma ba shi da tsoho, ya duba bayan madabod ko akwai ɗan maɓallin sabunta bayos, wannan ba ya buƙatar firosesa ko ram, wayar wuta mai fil 24 da ta firosesa mai fil 8 kawai. A filash ake saka fayil ɗin bayos, fomat ɗin filash ɗin ya zama FAT32, fayil ɗin a waje ba cikin folda ba, kuma sai an canza masa suna, MSI suna son MSI.ROM, Gigabyte GIGABYTE.bin, ASUS kuma suna haɗo ɗan shirin da ke canza sunan da kansa. Ramin USB ɗin ma guda ɗaya ne takamaimai, an yi masa alama. Masu Intel ma kar su ce ba ruwansu, madabod B660 da Z690 na farko sai an sabunta su kafin su karɓi firosesan jerin 13.

Injiniya_K

Baba TsohonInjin Allah ya ƙara girma, komai daidai ka faɗa, sai dai ina so in ja kunne. Sabunta bayos ba shi ne abin farko ba, shi ne kusan na ƙarshe. Na taɓa karɓar injin wani abokina da ya ga baƙin sikirin ya ruga sabunta bayos, fitilar na ƙyaftawa ya ga ta daɗe ya zare filash ɗin, matsalar da take ta ram ce kawai ta koma madabod da ba ta motsi sam. Mun yi sa'a maɓallin bayan nan ya sake rubuta shi. In ka fara kar ka taɓa komai har fitilar ta daina da kanta, kuma in kana da UPS ka ɗora a kai. Kafin nan ma ka shiga shafin kamfanin madabod ka duba jerin firosesan da take ɗauka, suna rubuta lambar bayos da kowanne ke buƙata.

TsohonInjin

Na yarda ɗari bisa ɗari. Ni ma sai da na gama da ram da wayoyi kafin na je can.

Sabon_Shiga22

ni tawa wayar firosesa ce. na saka babbar mai fil 24 na ɗauka shikenan wuta ta samu, ashe akwai wata can saman madabod gefen hagu mai fil 8, fanka duk suna juyawa amma firosesa ba wuta. wani yayana ne ya nuna min kuma ya ce in lura wadda ke rabuwa 4 da 4 ta firosesa ce, mai rabuwa 6 da 2 ta katin girafik ce kar in kuskura in cusa ɗaya a wurin ɗaya

MaiGilashi

Tawa ta ba ni wahala sosai don babu wanda ya kawo ta a rai. Ina son katin girafik ya tsaya a tsaye yana kallon gilashin kes, kes ɗin ya zo da wayar nan mai faɗi da ke ɗauko ramin PCIe, inda katin ke shiga, ta kawo gaba, da tsohon katina lafiya lau take aiki. Na canza zuwa RX 6700 XT sai baƙin sikirin, wani lokacin hoto ya fito ya ɗauke, fitilar VGA a kunne. Har na fara shirya katin a kwalinsa zan mayar, sai na ce bari in gwada shi kai tsaye a jikin madabod ba tare da wayar ba, ya tashi garau. Wayar ta PCIe 3.0 ce, katin da madabod kuma duk 4.0 ne, su biyun sun yarda su yi gudu a 4.0 ita kuma wayar da ke tsakani ba za ta iya ɗauka ba kuma ba ta da bakin faɗa musu. Na shiga bayos na kafe ramin a Gen 3 wato 3.0 na mayar da wayar, shikenan. A gem ban ga wani bambancin da ido zai kama ba, amma daga baya na samo waya mai 4.0 don hankalina ya kwanta.

Bash_FPS

Jama'a ni yanzu haka nake ciki dan Allah ku taimaka. i5-13600K, ram DDR4 biyu, injin na aiki lafiya na canza abin sanyaya firosesa na saka babba, tun daga nan in ram biyu ne fitilar DRAM, in na bar guda ɗaya a A2 ta tashi. Na musanya su kowanne yana aiki shi kaɗai a A2, amma B2 ko wanne na saka shiru. Madabod ce ta tafi ko?

Injiniya_K

Ɗan uwa kar ka binne ta tukuna. Gwajin da ka yi ya riga ya wanke ram ɗin, kuma ka ce da canza abin sanyayar matsalar ta zo. Abin da ke kula da ram a cikin firosesa yake, layukan B2 ta cikin fil ɗin soket suke bi, soket ɗinka LGA 1700 ne fil ɗin a jikin madabod suke siraran gaske. In ka ɗaure abin sanyaya ya fi ƙarfi ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, wasu fil sai su daina taɓa firosesa da kyau layin ram guda ya ɓace. Na gani da idona a injin da na haɗa wa wani. Kashe wuta ka zare waya, kwance shi gaba ɗaya, ɗaga firosesan ka haska soket ɗin daga gefe ka ga ko akwai fil da ke ƙyalli daban da 'yan uwansa, kar ka sa yatsa ko tsumma a ciki. In babu, mayar ka ɗaure kusurwa da kusurwa kaɗan kaɗan, da ka ji ya tsaya ka tsaya. Ka tabbata kuma ƙarafunan ɗaurin na 1700 ne ba na tsohon soket 1200 ba, tsayinsu ba ɗaya ba ne.

Hajjo_Gem

Ka goge saitin bayos ma kafin ka kunna, zare batirin nan CR2032 na ɗan lokaci ka mayar, saboda in XMP, saitin ƙara wa ram gudu, na kunne zai iya ruɗa maka gwajin.

Bash_FPS

Alhamdulillah!! fil ɗin lafiya suke, na sassauta na sake ɗaurewa yadda ka ce malam, 32GB duk sun fito a bayos. Allah ya saka muku da alheri, har na fara neman wata madabod wlh

Dogo_PSU

Madalla Bash. Ni kuma bari in kawo wadda kaya suka mutu da gaske don kar a ce kullum lafiya ake rabuwa. Wani abokin gem ɗina ya canza fawa saflai zuwa babba, duka biyun irin masu cire waya ne, ya ga ya riga ya jera tsofaffin wayoyin a bayan kes sun yi kyau sai ya bar su ya cusa a sabon, kuma suka shiga. Yana kunnawa ya ji ƙauri, SSD ɗinsa mai SATA da had disk ɗin da ke kan wayar duk suka tafi da abin da ke cikinsu. Gefen da ke shiga madabod da kati tsarinsa ɗaya ne a ko'ina, amma gefen da ke shiga jikin fawa saflai kowane kamfani da yadda yake jera nasa, wani lokacin ma kamfani ɗaya samfuri biyu su bambanta, sai wuta mai bolt 12 ta bi inda ake jiran bolt 5. Da muka zo gwada sauran kayan mun fito da madabod daga kes muka ɗora a kan kwalinta, firosesa da abin sanyaya shi da ram ɗaya da katin kawai, muka taɓa fil biyun PWR_SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, da bakin sukudireba, ta tashi ta nuna hoto. Muka dinga ƙara kaya ɗaya ɗaya har muka tabbatar su biyun nan ne kaɗai suka lalace.

MaiGilashi

Dogo wannan gwajin na kan kwali yana kama wata matsalar ma, in akwai ƙafar tagulla da aka ɗaura a kes inda madabod ba ta da rami tana taɓa bayanta. Masu katin girafik mai wayar wutar nan ta fil 16 fa, akwai wanda ya samu baƙin sikirin saboda ba ta shige duka ba? Ina shirin canza katina zuwa babba kuma kes ɗina ba shi da faɗi sosai, ina tsoron gilashin ya danne wayar ta lanƙwashe a bakin ramin.