Furotin mai gina ƙashi zai iya kashe sankarar ɓargo?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Baffana ne ba lafiya a nan Gombe. Ya daɗe yana kukan ciwon baya ana ta shafa man zafi, har ranar da ya sunkuya ɗaukar buta haƙarƙarinsa ya tsage. Mai ɗori ya taɓa ya ce wannan ba nasa ba ne. A asibiti aka ɗebi ɓargo, aka ce mayeloma ce, sankarar jini mai cin ƙashi. To na karanta wai akwai furotin mai suna BMP da ke gina ƙashi, kuma yana kashe ƙwayoyin wannan cuta. Ana samun allurarsa? Goggo kuma kullum sai ta dafa masa romon ƙafar sa, wai ƙashi ke gyara ƙashi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baffa lafiya. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma a kwanon gwaji. Tun 1965 wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya gano akwai abin da ke sa sabon ƙashi ya tsiro, shi ne aka sa wa suna BMP. Daga baya masu bincike, musamman a ƙasar Norway, suka zuba nau'o'insa BMP4 da BMP9 a kan ƙwayoyin mayeloma. Sai ya kunna wasu manzanni a cikin ƙwayar da ake kira SMAD, su kuma su danne MYC, wanda da shi take hayayyafa, sai ta mutu. Amma ƙwayoyin wasu marasa lafiyar ko gezau. Babu allurarsa don mayeloma. BMP2 da Amurka ta amince da shi a 2002 na tiyatar ƙashin baya ne, a soso ake jiƙa shi a dasa a wurin.

Baban Ummi:
Ɗan'uwa, kar ka yi gaggawa. Ni CML gare ni, wata sankarar jini ce daban, ina kan maganin Glivec. A tamu cutar abin juyewa yake yi: bincike a Faransa ya nuna BMP2 da BMP4 na yin yawa a ɓargo, suna taimaka wa uwayen ƙwayoyin cutar su lafe, magani ya wuce su.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Bauchi:
Na manta batun romo. Ya sha abinsa, amma duk furotin da ya shiga ciki narkewa yake, ba ya isa ɓargo yadda ya shiga. Ni ƙodarsa ce ta fi damuna, don mayeloma na taɓa ta. Ku tambayi likitansa batun allurar zoledronik mai kare ƙashi, kuma saboda ƙodar kar a saya masa maganin ciwo diklofenak a kemis.

Ɗan Jekadafari:
Subhanallah, diklofenak ɗin muke ba shi in ciwon bayan ya motsa. Na tsayar tun yanzu, gobe da safe zan kai wa likita kwalin. Na gode, Yaya.