Kiranye mun san shi, to ɗan majalisar da ya ƙaurace wa zama fa?

'Yan uwa masu aikin fassara da labarai, ina so mu tsaida magana a kan kalma ɗaya. Kowace hanya aka bi aka raba ɗan siyasa da kujerarsa, sai ka ji an ce "an tsige shi". Wannan kuɗin goron yana ɓoye wa mai sauraro wanda ikon cirewar ke hannunsa, alhali shi ne abin da talaka ya fi buƙatar sani.

Tsigewa aikin majalisa ne, kamar yadda Majalisar Dokokin Kaduna ta yi wa Gwamna Balarabe Musa a 1981. Dakatarwa kuma ta ɗan lokaci ce. Waɗannan babu gardama.

Abin da Bature ke kira recall ma mun riga mun samo masa suna, kuma wanda ya fara cewa kiranye ya iya Hausa. Asalin kiranye ai shi ne wanda ake yi wa ɗan da ya shiga uwa duniya ya manta gida, a yi ta kiran sunansa har hankalinsa ya juyo. Wakilin da ya tare a Abuja, mazaɓarsa ba ta ganinsa sai kakar zaɓe, me ya raba shi da wannan ɗan? Sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanyar tana da wuya ƙwarai. Kiranyen Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma ya rushe wurin tantancewa a 2018. Na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 ya tsaya a sa hannu 208,132 cikin masu rajista 474,554, bai kai rabi ba.

Inda ba mu da kalma shi ne sashe na 68. Ya ce ɗan majalisar da ya yi fashin zama ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, har kwanakin suka haura kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara, to ya bar kujerarsa. Majalisa kuwa dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, ke nan idan kwana 181 ɗin ta zauna, wanda fashinsa ya haura kwana 60 babu dalili ya shiga layin. Nan babu tattara sa hannu, babu akwatin ƙuri'a. Shugaban majalisa ne zai gabatar da hujja a zaure, a aiwatar.

Wannan ba kiranye ba ne, domin ba jama'a suka kira shi ba. "Kora" tana sa a ji kamar wani ne ya yi masa bi-ta-da-ƙulli. "Rasa kujera" kuma har wanda ya sha kaye a zaɓe ya rasa.

Ni shawarata mu ce sarayar kujera. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ko ya leƙa kotun shari'a ya san "haƙƙinsa ya saraya": abu naka ne, sai wani dalili ya sa ya fita daga hannunka. Kalmar tana mayar da laifin kan mai shi, kuma haka dokar take nufi. A labari sai a ce: "Kujerar ɗan majalisa ta saraya saboda fashin zama." Tana kuma ɗaukar wanda ya sauya sheƙa ba bisa ƙa'ida ba, tunda sashen ɗaya ne.

Abin ya dame ni ne saboda mutane ba sa neman haƙƙin da ba su san sunansa ba. Da kalmar ta shiga bakin jama'a, za a fara tambayar rajistar halartar zama a shirye-shiryen rediyo na kiran waya.

Malamai da lauyoyinmu, idan saraya tana da wata ma'ana a fiƙihu da za ta kawo ruɗani, ku faɗa mana kafin mu fara sa ta a kanun labarai.