Kwamfutocin Windows sun ƙi karɓar lokaci daga Ubuntu

Mai Shago, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da cike fom, kwamfutoci 5 masu Windows 10, sai ɗaya mai Ubuntu inda muke ajiye fayiloli. Na sa chrony, manhajar saita lokaci, a kanta don sauran su riƙa saita agogonsu da nata, amma shiru. In na buga w32tm /resync sai a ce babu bayanin lokaci. Kwamfutar bakin ƙofa ma kullum da safe da tsohuwar shekara take tashi, shafuka su ƙi buɗuwa. Jiya wata baiwar Allah da goyo a bayanta ta daɗe a tsaye tana jiran fom ɗinta, har na rasa bakin ba ta haƙuri. Don Allah a taimaka.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. chrony ba ya amsa wa kowa sai ka ba shi izini. Buɗe /etc/chrony/chrony.conf ka ƙara allow 192.168.1.0/24, ko dai lambobin da rautarka take rabawa, ka sake tayar da shi. In ufw, katangar tsaron Ubuntu, a kunne yake, buɗe ƙofar UDP 123, ta nan NTP, tsarin raba lokaci tsakanin kwamfutoci, ke bi. A Windows kuma ka buga wannan da ikon admin:
w32tm /config /manualpeerlist:"192.168.1.10,0x8" /syncfromflags:manual /update
Sauya lambar da ta Ubuntunka. Kada ka manta 0x8 ɗin, shi ke sa Windows ta zo a matsayin mai tambayar lokaci.

Mai Gyara, Kano:
Ta bakin ƙofar nan batirin allonta ne ya mutu, Yallaɓai, ɗan ƙarami mai kamar kwabo, CR2032. Kuma Windows da ba ta cikin domain, wato ba ta ƙarƙashin kulawar babbar kwamfutar ma'aikata, ba ta yarda ta gyara kuskuren da ya haura awa 15, don haka ka fara saita kwanan wata da hannu.

Mai Shago, Zariya:
Allah ya saka da alheri. Na canja batiri, duk biyar sun daidaita. Sai dai da data ta ƙare mana, na kunna Ubuntu bayan an kawo wuta, suka sake ƙi.

Injiniya:
Ai chrony ɗin ne ya tashi bai samu intanet ba, sai ya shaida musu cewa agogonsa ba abin dogaro ba ne. Ƙara local stratum 10 a fayil ɗin nan, zai ci gaba da ba su lokacinsa. In data ta dawo, duba chronyc sources ka ga ya kama.