Kaskon ƙamshi ya yi kanta, da me kuke wanke naku?

Amaryar bana:
Assalamu alaikum, yayyena. Cikin kayan gudummawar biki na samu kaskon lantarki irin wanda ake narka kakin ƙamshi a kansa. Yau wata biyu ke nan, ƙamshin ya gudu, kakin kuwa yana nan daram a farantin. Na sa wuƙa zan kankare, sai ga zane a jikin tangaran. Don Allah ya kuke yi da naku?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. Ajiye wuƙar nan, ƙanwata. Shi kaki ba ya ƙarewa, turaren da ke cikinsa ne kawai yake tashi. Ni kunnawa nake yi ya narke, in zare daga soket, in jefa auduga dunƙule 2 ko 3. Kafin ki ce kwabo ta tsotse shi tas, sai kwandon shara. Maiƙon da ya rage kuma ruwa ba ya kama shi. Ɗigon man gyaɗa a tsumma ne ke ɗauke shi, sannan in bi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Kar dai ki tsiyaye shi a magudanar kicin. Na taɓa yi, ya daskare a cikin bututu, sai da maigida ya kira mai gyaran famfo. Har yau in mun ɗan saɓa sai ya tuna min.

Anti daga Zariya:
Nawa ana cire farantinsa. In ya huce sai in sa shi a firiza minti 15, kakin ya tsuke, in danna gefe da yatsa ya ɓallo gaba ɗaya. Matsalar kawai ranar da babu wuta.

'Yar Maiduguri:
Mu dai turaren wuta muka gada, kuma dattin bona, wato kaskon lantarkin da muke ƙona shi a kai, daban yake da naku. Baƙin nan da ke manne mata sukarin haɗin turare ne ya ƙone, shi ya sa man gyaɗa ba ya yi masa komai. Ruwan zafi yake ji. Nakan jiƙa tsumma da shi in ɗora a wurin na ɗan lokaci, in ya yi laushi in goge da toka da ɓarin lemun tsami, yadda kakarmu ke yi wa tukwanenta. Ƙanwata ta tsoma tata ɗungurungum a baho, ranar bonar ta yi sallama. Yanzu kam takardar foyil nake shimfiɗawa kafin in zuba turare.

Amaryar bana:
Allah ya saka da alheri. Na gwada ta audugar ɗazu, farantin ya fita fes. Zanen wuƙar ne dai ya ƙi tafiya, sai na juya shi ɓangaren bango.